Inna ta kira sunana, asibiti sun ce sauƙi ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, masu sharhi da masu karantawa su wuce shiru. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, ba abu ne mai wuya ba, matar da ta haife ni ma ta fi shekara hamsin tana ɓoye shi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni ko sallama na tsaya yi sai shayin mutum ya huce.

Bari ku san mai magana ko da ba suna. Daga tashar Jibiya har bakin iyaka, ka tsallaka ka miƙi hanyar Maraɗi, babu bakin da yake ci kamar nawa, wannan ko maƙiyina ya sani. Sana'ata dillancin juyen kaya, wato idan babbar mota ta kawo masara daga cikin ƙasa za a juye ta a motar 'yan Nijar, ko tasu ta kawo wake za a juye a tamu, ni nake tsayawa a tsakiya. Na taɓa yi wa wani jami'in duwan, wato kwastan ɗin Nijar, surutu har ya manta dalilin da ya tsayar da mu, ƙarshe shi ya raka mu da addu'a. Na taɓa shiga tsakanin direbobi biyu kowa ya ɗauko ƙarfen taya, kafin in kai ƙarshen labarin da nake ba su suna cin tuwo a kwano ɗaya. Mutane suna cewa ina ƙara wa magana gishiri, ni kuwa na ce labarin da babu gishiri ai sanarwar gwamnati ce. Amma a wajen aiki ba na wasa. Ba a juyen kaya a hannuna sai direban da ya kawo da wanda zai karɓa sun tsaya ido da ido a bayan mota, a ce wannan buhun ya yage an ɗinke, waɗannan ruwa ya taɓa su a hanya, na ƙasan can ƙwari sun fara shiga, sannan mai karɓa ya maimaita da bakinsa kowa ya ji. To wannan bakin da nake ba ku labari, shi ne ya shiga asibiti ya zama kamar rediyon mai shayi, ana jin ƙararsa, ba mai sauraron abin da yake faɗa.

Ni ɗan fari ne. 'Yan zamani ba lallai ku gane nauyin wannan ba, don yanzu uwa tana ɗaukar hoto da ɗanta na fari ta sa a waya ta rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Innarmu ba irinsu ba ce, mutuniyar wani ƙauye ce a Bugaje, kunyar ɗan fari a wajenta kusan ibada ce. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a hannunta na girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, ni ne "wancan". Idan na je gaishe ta na durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya ta kalli kaji ta ce lahiya lau, kamar su suka gaishe ta. Idan tana so in ci wani abu sai ta ce wa matata Rabi, "A ce wa wancan akwai hura a ƙwarya," alhali ina zaune a gabanta. Akwai wani maƙwabcinmu mai sunana, shi ma bai tsira ba, "mai sunan wancan" take ce masa. Amma autanmu Nasiru, wanda yake koyarwa a Kano, a rana sai ta kira sunansa sau ɗari ko ba ya gari. Ban taɓa jin haushi ba, na san so ne irin nasu na mutanen da, ko da yake a raina akwai wani ɗan lungu da ya daɗe yana jira. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kwanakin baya zazzaɓi ya kama ta, jininta kuma ya hau, muka kai ta wani asibiti a yankin nan, ba zan faɗi suna ba don ba tonon asiri na zo yi ba, kuma wallahi ma'aikatan suna ƙoƙari, su 'yan kaɗan ne, marasa lafiya kuwa kamar ranar kasuwa. Da ƙafarta ta shiga ɗakin mata, aka ba ta gado na uku. Kafin ledar ƙarin ruwa ta farko ta ƙare ta san asalin kowace mara lafiya a ɗakin har kakanni, ta yi wa mai ƙosai faɗa ta taga a kan ya rage wa ƙosai girma, ta ce wa Rabi kunun da ta dama ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sha. Wannan ita ce Innar da muka kawo, ita ma ku riƙe ta.

Rabi ce take kwana da ita, ni ina zuwa da safe in wuni. Sai na ce bari in yi abin da na iya, in sayi zuciyar nas-nas ɗin don su riƙa leƙa ta. Na ce musu sauron ɗakin nan ba ɗan ƙasa ba ne, da girmansa sai an buga masa hatimi a iyaka kafin ya shigo. Na ba su labarin ranar da na tura tirela ni kaɗai da kafaɗa ɗaya ina cin rake da ɗaya hannun. Suna dariya har da riƙe ciki, suka sa min suna Alhaji Rediyo, ta safe ta gaya wa ta rana, ta rana ta gaya wa ta dare. Ni ina jin daɗi, ina cewa Inna ta samu gata.

Ana nan zazzaɓi ya fara sauka, wata safiya Rabi ta raka ta banɗaki, ƙasa a jiƙe, santsi ya kwashe ta kanta ya bugi gefen bango. Ba jini, ɗan ƙulu ne ya fito a bayan kunne, ɗankwali ya rufe shi. Inna ta ja wa Rabi kunne kada ta kuskura ta gaya wa kowa, tsohuwa kamarta a ce ta faɗi a banɗaki ai abin kunya ne. Rabi ta kasa riƙewa, ta ja ni waje ta gaya min. Na tafi wajen nas ɗin da take aiki a lokacin, wata yarinya mai kirki Nas Jamila, kuma a nan ne bakina ya yi abin da ya saba ba tare da ya nemi izinina ba. Maimakon in ce ta faɗi ta bugi kai, sai na ji ina cewa Inna ta yi faɗuwar da ginin asibitin ya girgiza, har a Maraɗi mutane sun fito waje suna tambayar ko lafiya. Ta yi dariya har ta ajiye biro, amma dai ta tashi ta je ta tambaye ta. Inna ta harari Rabi, ta ce, "Ba komi ɗiyata, santsi ne, da sauƙi." Aka auna jininta, aka ba ta maganin ciwon kai, magana ta mutu a nan. Ni na ɗauka za a gaya wa ta gaba, ta gaba ta gaya wa likita.

Sai daga baya na lura da yadda ake miƙa aiki. Da lokacin canji ya yi sai a ce majinyata duk a fita, mu koma baranda muna leƙe ta taga. Yawancin ma'aikatan a Katsina suke kwana, mota ɗaya suke haɗuwa su shiga, kuma kowa ya san hanyar nan ba a so yamma ta yi wa mutum a kanta. To mai tashi jakarta tana kafaɗa, direba yana hon a bakin get, mai karɓa ko takalmi ba ta gama canzawa ba. Za a gaisa, ya gida ya yara ya hanya, gaisuwa cikakkiya ba a rage mata komai, sannan a tsaya daga bakin ƙofa a nuna gadaje da baki, waccan an sallame ta, waccan saura allura, sauran da sauƙi. Inna kullum tana cikin sauran. Kuma ban ga laifinsu sosai ba, don duk wanda ya tambayi Inna ya jiki, ko da ƙyar take jan numfashi da sauƙi za ta ce, haka aka tarbiyyantar da su.

Daga ranar faɗuwar nan abubuwa suka fara canzawa a hankali, irin canjin da sai wanda ya san mutum zai gani. Mai ƙosai ya zo taga ya yi tallarsa ya wuce lafiya ba wanda ya tanka masa. Kunun Rabi ya shiga ba ƙorafi. Barci ya yi yawa, ana magana da ita sai ta lumshe ido a tsakiyar amsa. Ludayi ya fara suɓucewa daga hannunta na dama. Na gaya wa ta safe ta ce zazzaɓi yana karya jiki, na gaya wa ta rana ta ce Alhaji tsufa ne, Rabi ta yi ƙarfin hali ta gaya wa ta dare, ta ce a bar ta ta huta. Kowacce ta zo ta tarar da tsohuwa mai shiru mai yawan barci, sai ta ɗauka haka aka kawo ta, don yawancin waɗanda suka ga Innar da ta shigo da ƙafarta tana faɗa an juya su wani ɗakin ko suna hutu. Daga ni sai Rabi muke riƙe da farkon labarin, ita ba ta iya magana gaban ma'aikata ba, ni kuma na iya har ta yi yawa.

Shekaranjiya da hantsi na shiga, na durƙusa a ƙarshen gado inda na saba, na ce Inna ina kwana, ya ƙarfin jiki. Ina jira ta kalli bango ta amsa. Sai ta juyo ta dube ni cikin ido, ta miƙo hannu, ta kira sunana. Cikakke, yadda aka raɗa shi. Ta ce, "Taho nan ka zamna kusa da ni, mi ya sa ka rame haka?" Jama'a, ni da nake da tumbin da sai na yi gefe nake shiga ƙofar shago. Rabi ta saki murfin fulas ya yi ƙara a ƙasa, tsohuwar gado na huɗu, wadda ita ma mutuniyar ƙauye ce sa'ar Inna, ta dafe ƙirji tana salati. Ni kuwa ba zan ɓoye muku ba, abin da na fara ji daɗi ne. Wani irin daɗi da ban san akwai shi a duniya ba, na tashi na zauna a bakin gadon kamar yaro, ta riƙe hannuna tana shafawa. Sai da na ji riƙon nata ba ƙarfi, yatsun suna zamewa, sannan tsoro ya shigo ya kori daɗin. Innar da na sani ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta yi wannan ba.

Allah ya sa wadda take aiki a safiyar Sista Talatu ce, wata dattijuwa Kirista 'yar wajen Malumfashi, dawowarta ɗakin mata ke nan. Tana jin salati ta zo. Tambaya biyu ta yi min, kai ne na farinta, na ce ni ne, ta taɓa kiran sunanka, na ce ko a mafarki. Fuskarta ta canza, ta ce ita ma uwarta har ta koma ga Allah ba ta kira babban yayansu da suna ba. Na gaya mata zancen faɗuwa, ta ce wace faɗuwa, ba wanda ya gaya mata. Kwana da kwanaki ana miƙa Inna daga hannu zuwa hannu, faɗuwar nan ba ta tsallake canjin aiki ko ɗaya ba. Ta kore ni waje, ina leƙe ta taga ta cire ɗankwalin ta ga ƙulun, ta haska idonta da tocila, ta sa ta matse mata hannu biyu. Da ta fito ta ce min, "Alhaji, yau ba ranar wasa ba ce. Dole likita ya gan ta yau, ina jin sai an kai ta Katsina an ɗauki hoton kanta, wani lokacin jini yana taruwa a ciki a hankali." Na ce Sista ko a ka zan ɗauke ta in ruga da ita, kafin mota ta tashi mun isa. Ta ce ka ga irinta ko, rufe bakin nan ka bar ni in yi maganar.

Likita ɗaya ne a ranar, yana ɗakin tiyata tun safe. Sista tana jiransa sai aka yi mata waya an yi mata rasuwa a gida, ga lokacin tashi ya yi, ga mota tana hon. A daidai nan kuma aka shigo da mata biyu da babur ya zubar a hanyar iyaka, ɗaki ya rikice. Ta taga na ga Sista ta tare Nas Jamila a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, ido jawur, tana magana tana nuna gado na uku, Jamila tana gyaɗa kai, ledar ƙarin ruwa a hannu ɗaya almakashi a ɗaya, rabin jikinta ya riga ya juya wajen masu jini. Na ce alhamdu lillahi, saƙo ya isa.

Saƙo ya isa, amma a hanya ya canza riga. Da likita ya fito bayan la'asar, wani matashi mai ladabi, idonsa kamar wanda ya yi wata bai runtsa ba, ina tsaye Jamila ta ce masa Sista ta ce lallai a gaya maka, tsohuwar gado na uku yau har ta kira sunan ɗanta. Ko sauran maganar hayaniya ce ta cinye, Allah masani. Ya ce masha Allah, tana gane mutane ke nan. Abin da ya ƙara kashe ni kuma, Inna da yamma takan ɗan warware, sai ya tarar da ita ido biyu. Ya nuna ni ya ce Mama wane ne wannan, ta yi murmushi ta sake faɗin sunan. Ya ce ya jiki, ta ce da sauƙi. Ya dube ni irin duban nan na to me kuma kake so. Na fara yi masa bayani, wallahi na fara da kyau, na ce likita a wajenmu uwa ba ta kiran ɗan fari. Ya ce shi ma ɗan fari ne, a Abuja ya tashi, mahaifiyarsa sunansa take kira, in ya yi laifi ma har ta haɗa da na ubansa. Jamila ta ce ita ta san al'adar, amma tsofaffi idan suka kwanta ciwo zuciyarsu takan yi laushi, kakarta ma haka ta yi. Da na ga magana tana kuɓuce min sai bakin ya karɓi tuƙi, na ce likita ranar da Inna ta kira sunana da hankalinta, a ranar raƙumi zai tuƙa tirela zuwa Maraɗi. Ɗaki ya kwashe da dariya har da masu karaya. Na ce to faɗuwar fa, ya juya wajen Jamila, ta ce eh ya taɓa cewa ta faɗi har an ji a Nijar, na tambaye ta ta ce santsi ne. Likita ya ce zazzaɓi ya sauka, jini ya daidaita, a ci gaba da lura da ita, in ta yi amai ko ta suma a kira shi, in kuma ta ci gaba a haka yana tunanin sallama. Zancen hoton kai ni na faɗe shi, daga bakina ya fito, don haka aka ajiye shi kusa da raƙumin.

Jiya na je ofishin matiron, shugabar nas-nas, na zauna a takure kamar mai neman aiki. Na ce ranki ya daɗe, mu da muke juyen masara ma sai mai bayarwa da mai karɓa sun tsaya a kan buhu an faɗi abin da ya same shi a hanya, mai karɓa ya maimaita, to yaya uwata ba za ta samu abin da buhun masara yake samu ba. Ba ta yi fushi ba, ta ce su ma haka aka koya musu, gado-gado ake bi, a faɗi abin da ya kawo mara lafiya, da abin da ya same shi tun da ya zo, da abin da ake gani yanzu, da abin da ake so na gaba ya yi, amma in nuna mata yadda mutum ɗaya za ta yi wa ɗaki cike haka ga mota tana jira ga masu haɗari ana shigowa da su. Ta kira wayar Sista Talatu a gabana ba ta shiga, ƙauyensu ba sabis, mu ma nan rabin yini layin Nijar wayoyinmu suke kamawa. Ta yi alkawarin za ta yi wa likita magana, amma ta ce takardar tura mu Katsina shi kaɗai yake da ikon bayarwa, in kuma na matsu sai in sa hannu cewa ni na ɗauke ta da kaina, ba motar asibiti, ba nas mai rakiya. Ina fitowa aka kira ta taro, har yanzu ban san ko maganar ta isa ba, ko ita ma ta canza riga.

Na kira Nasiru ina zaton shi da yake ɗan boko zai fi gane ni. Tun ban gama ba ya ce Yaya ka fara ko. Ya ce ya yi waya da Inna da yamma ta amsa shi lafiya ta ce da sauƙi. Ya tuna min ranar da na ce masa gobara ta cinye rabin kasuwa, ya baro Kano a guje ya tarar rumfar mai shayi ce guda ɗaya, ita ma rufin kawai. Ya ce in na kuskura na ja tsohuwa a wannan hanyar a motar haya ba da izinin likita ba, wani abu ya same ta, shi da 'yan uwanmu mata ba za su yafe min ba. Sannan ya faɗi abin da har yanzu yake min yawo a ka, ya ce, "Yaya, shekara hamsin kana jira ta kira ka, yanzu ta kira ka kuma ka ce kanta ne ya taɓu?" Na kashe wayar. Domin idan shi da Jamila suka yi gaskiya, to ni ne ɗan da uwarsa ta buɗe masa zuciya a ƙarshen rayuwarta ya ruga ya ce a zo a duba ƙwaƙwalwarta. Kuma wallahi ina so su yi gaskiyar. Duk lokacin da ta kira sunan nan sai in ji kamar in ce a bar ta a haka, kada a gyara komai. Rabi kuwa sai kuka a bayan ɗaki, tana cewa ita ce ba ta riƙe ta da kyau ba a banɗaki.

Yau da safe abin ya ƙaru. Ta daɗe ba ta farka ba, da ta farka ta dube ni, sai ta kira sunan Babanmu, wanda ya rasu tun ina saurayi, sunan da shi ma ban taɓa ji a bakinta ba ko yana raye ko bayan ransa, Malam take ce masa. Ta tambaye ni wai na dawo daga gona ne tun yanzu. Fura kuma Rabi ce take ba ta a baki, hannun dama yana kan gado kamar ba nata ba. Ba ta yi amai ba, ba ta suma ba, wato abubuwa biyun da aka ce in sun faru a kira likita ba su faru ba. Likitan kuma an ce yau wani ne daban, bai shigo ba tukuna, kuma ban san abin da aka miƙa masa ba.

To jama'a me zan yi? In sa hannu in ɗauke ta in nufi Katsina ba takarda, in je can in shiga layi tun daga farko, kuma ni ne dai zan yi wa likitocin can bayani da wannan bakin? In zauna in jira Sista Talatu ta dawo daga zaman makoki, alhali ita ta ce min a ranar dole a gan ta? Wani direba abokina ya ce in kawo ta ya tsallaka da mu Maraɗi, amma tsohuwa a wannan halin in tsaya da ita gaban jandarma ana tambayar takardu? Idan akwai nas ko likita a gidan nan, don Allah ku gaya min kalmomin da majinyaci zai faɗa a tsaya a saurare shi, ku rubuta min su in haddace. Masu iyaye irin Innarmu kuma ku gaya min, akwai wanda uwarsa ta saki kunyar nan da hankalinta don ciwo ya tausasa ta, ko ni nake yaudarar kaina?

Kada ku ce in rage gishiri, na gwada. Ɗazu da aka yi canjin aiki na ga sabuwar nas, fuskar da ban taɓa gani ba, na ce yawwa, ga wadda ba ta san ni ba. Na ja Rabi gefe na yi bita a gabanta har sai da ta ce babu ƙari ko na ƙwayar gero. Na je na tsaya gaban teburin na haɗe hannu, ba dariya ba raƙumi, na ce ranki ya daɗe, mahaifiyata ce a gado na uku, ta faɗi ta bugi kai, tun daga nan barcinta ya ƙaru, hannunta na dama ya mutu, tana faɗin abin da ba ta taɓa faɗa ba, Sista Talatu ta ce tana bukatar hoton kai. Nan na tsaya. A rayuwata ban taɓa yin magana gajera haka ba, har gumi na yi. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ɗago kai ta yi murmushi, ta ce, "Au, kai ne Alhaji Rediyo? Ai a duk ɗakin nan kai kaɗai aka tsaya aka yi min cikakken bayaninka. An ce kada in biye maka."